Saiwar da Na Haƙa a Ƙofar Gwamnati

Kwanakin baya wasu matasa uku, 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a nan, suka shigo shagona a Hyattsville ta ƙasar Amurka da kwamfuta a hannu. Suka ce suna so su buɗe kasuwar maganin gargajiya a intanet, kuma sun riga sun gama komai. Sun zaɓi suna, sun zana tambari, sun ɗauki hoton ganye a kan farin faranti. Abin da ya rage musu kawai, in ji babbarsu, shi ne in gaya musu abin da ake zubawa a cikin kwalbar. Na yi musu Hausa, suka ba ni amsa da Turanci, muka rabu lafiya. Amma tun ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko Allah zai sa a samu mai karanta musu.

Ni malamin makaranta ne a asali. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gusau, ina zana hanjin kwaɗo a allo ina shaƙar alli. Cacar biza ce ta kawo ni ƙasar nan, inda nan da nan aka gano cewa ilimina ya fi dacewa da gadin wurin ajiye motoci. Daga baya na samu ci gaba, na zama direban tasi. A tasin ne na ɗauki wata tsohuwa mutuniyar Damagaram, Hajiya Zaliha, da buhuna biyu masu ƙamshin ƙasa. Na tambaye ta abin da ke ciki, ta faɗa, ni kuma na gyara mata sunan da Latinanci, don malami ba ya warkewa. Ta dube ni ta madubi.

"Kai mushe ne?"

Abin ya ba ni mamaki, domin a Gusau ba a yi wa mai rai wannan tambayar. A Nijar kuwa haka suke kiran malamin boko. Na ce ni ne.

Ta ce, "To ka san suna, ni na san aiki. Gobe ka zo shago, bayana ya gaji."

Tun daga ranar ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba, sai dai Mushe.

Aikin farko da ta ba ni wankin saiwa ne. Saiwar ekinesiya tana zuwa mana ne daga wata gona can yamma, a lokacin kaka, da ƙasarta a jiki. Za ka zuba ta a baho, ka bi ta da buroshi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tsaga gindin da wuƙa, don laka tana ɓuya a tsakanin yatsun saiwar inda ido ba ya kaiwa. Ka yanka ta ƙanana tun tana ɗanya, domin in ta bushe sai dai ka aro gatari. Ka baza a kan raga a inuwa, inda iska ke wucewa, kana juyawa safe da yamma. Ba ta bushe ba sai ka karya ta ta ce ƙas. In tana lanƙwashewa ka zuba ta a kwalba, bayan mako biyu za ka tarar ta yi furfura. Mako uku ina wannan wanki. Ranar da na sanar cewa na ƙware, Hajiya ta ɗauki guntu ɗaya daga wanda na yanka ta tauna, na jiwo ƙarar tsakuwa daga inda nake tsaye. Ta tofar a tafin hannu, ta nuna mini, ta juye tiren gaba ɗaya cikin baho.

Ga wanda bai san ta ba, ekinesiya ba tsiron ƙasarmu ba ce, ba ta ma da suna a Hausa. 'Yar asalin Amurka ce. Furenta ruwan hoda ne mai ɗan duhu, tsakiyarsa a cunkushe da ƙayoyi, shi ya sa masana suka aro mata suna daga kalmar da Girkawa ke kiran bushiya da ita. Mutanen ƙasar nan na farko, tun kafin Turawa su zo, suna tauna saiwar don ciwon haƙori da ciwon maƙogwaro, suna ɗaura ta a rauni. Yau kuwa don mura ake shanta, da kuma abin nan da kowa ya haddace, wato ƙarfafa garkuwar jiki. Ba ta isa haƙa sai ta shekara uku a ƙasa. Ku riƙe wannan, ku da kuka saba latsa waya yau a kawo muku kaya gobe da safe. Gwajinta kuma ba ya bukatar na'ura. Ɗora ɗan guntu a harshe. In ta ƙwarai ce, harshen zai yi maka yam-yam kamar ka lashi batir, yawu ya cika maka baki. In ba ka ji komai ba, itacen girki aka sayar maka.

Kayan aikinmu ba su da yawa: turmin ƙarfe, rariya mai manyan ido da mai ƙanana, sikeli, yadin tata, da kwalabe masu duhu, don hasken rana yana cinye ƙarfin magani. Turawa a barasa suke jiƙa saiwar. Mu da rabin masu sayen kayanmu daga masallaci suke biyowa, sai muka koma gilisarin, wani abu mai kauri da zaƙi, da ruwa, ana girgiza tulun kullum har mako shida. Akwai kuma wani ɗan dagi, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, wanda Hajiya ta gada wurin kakarta. A bayan ƙofa yake zama, naɗe da tsumma. Shekara tara na yi a shagon ban ga an taɓa shi ba.

Amma abin da ya fi wuyar riƙewa a cikin kayan duka alƙalami ne. A tashar Gusau mai magani yana hawa kan mota da lasifika, ya jero cuta arba'in tun daga basir har zuwa rashin farin jini, babu mai ce masa kanzil. A nan doka ba ta yarda ka rubuta a jikin kwalba cewa abu yana warkarwa ba. Iyakarka ka ce yana tallafa wa garkuwar jiki, kamar ɗan siyasa a taron gidauniya. Hajiya ta bar mini rubutu, ita ta riƙe baki, don ta ce dokar ba ta jin Hausa.

Kwalbar farko da aka taɓa dawo mini da ita ta Alhaji Injiniya ce, wani mutumin Kano da ke zaune a Upper Marlboro. Mutum ne da aikinsa lissafin nauyin da gada za ta iya ɗauka, in ya yi kuskuren ɗigo ɗaya motoci su faɗa kogi. Ya dire kwalbar a kan kantar shagon, saura rabi.

"Malam, wannan ai shayi ka ba ni. Maganin da yaro zai sha ba a danne shi ba, ina maganin yake?"

"Alhaji, shekaranjiya ka saya. Ya aka yi ta kai rabi? Na ce cokali ɗaya sau uku."

"Ba ka faɗi girman cokalin ba."

Tun daga nan kowace kwalba da cokalinta take fita daga shagon, a ɗaure da roba a wuya. Mutanenmu, ko digiri nawa suka tara, sun yi imani da abu biyu game da magani: in ba ɗaci ba ƙarfi, kuma in kaɗan ya yi amfani to da yawa zai yi abin al'ajabi.

Sista Rifkatu kuma, nas ce mutuniyar Kafanchan, takan biyo daga asibiti da kayan aiki a jikinta, ta fara da wa'azi.

"Malam, kun dai san wannan abin naku ba ya maye gurbin allurar mura ko?"

"Na sani, Sista."

"Kuma duk wanda zazzaɓinsa ya wuce kwana uku, ku turo mana shi, kada ku ce ya ƙara cokali."

"Haka muke yi."

"To ba ni biyu. Na Mama ne, ba nawa ba."

Mama ta shekara biyu da komawa Kafanchan, ni na kai ta filin jirgi. Ban taɓa tayar da zancen ba. Rufe baki ma yana cikin sana'a.

Wata Asabar wani dattijo ya shigo yana son kwalba uku, ya ce sanyi ya kusa, yana so ya yi shiri. Har na naɗe masa na sa a leda. Hajiya tana kan kujerarta tana tsince ganye, ba ta ko ɗago ba.

"Baba, wane magani lokotoro ya ba ka kake sha kullum?"

Ya zazzage aljihu, ƙwayoyin likita kala huɗu. Ashe bara aka yi masa dashen ƙoda. Ƙwayoyin nan aikinsu shi ne su kwantar da garkuwar jikinsa don kada ta far wa baƙuwar ƙodar, ni kuma na naɗe masa abin da ake sha don a tashe ta. Hajiya ta karɓi ledar ta kwance, ta mayar da kwalaben kan kantar shagon, ta cika masa hannu da dabino, ta raka shi har ƙofa suna gaisawa kamar an yi cinikin gida. Da ta dawo sai ta zaunar da ni, ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina zaunar da wasu. Kafin kwalba ta fita, in ji ta, sai ka tambayi mutum magungunan da yake sha. Ka tambaye shi ko furanni irin wannan dangin suna sa shi atishawa ko ƙuraje. Ka tambaya ko yana da ciwon nan da jiki ke yaƙar kansa, ko mai ciki za a kai wa, ko mai goyo, ko ƙaramin yaro. In an amsa ɗaya, ka tura shi wurin likita. Wanda ka ba kuma ka ce ya sha kwana goma ya huta, ba tuwo ba ne. Wannan tambayar ita ce ba za ku iya ɗaukar hotonta a kan farin faranti ba.

Sai shekarar korona ta zo. Wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin mutanenmu, wani da aka ce babban likita ne yana rantsuwa cewa duk wanda ya sha ekinesiya cutar ba za ta kusance shi ba. Alhaji Injiniya shi kaɗai ya tura wa zauren hira bakwai a waya. Kafin mako uku kayan shekara guda sun ƙare. Na yi ta faɗa ta bayan takunkumi cewa ba ta hana korona, jama'a suka fahimci cewa na ɓoye wa manya ne. Gonar da ke kawo mana ta ce manyan kamfanoni sun kwashe komai tun yana ƙasa. Da kaka ta yi, kantocinmu sun zama kamar ajin da aka tashi. Waya kuwa ba ta daina ƙara ba, tsofaffin da Hajiya ta shekara talatin tana ba su magani suna kira suna cewa, "Hajiya, har mu?" Ita kuma a rayuwarta ba ta taɓa ce wa mai neman magani babu ba. Kalmar ba ta fita a bakinta, sai ta miƙo mini wayar.

A daidai lokacin ne kuma nake jiran intabiyu ta zama ɗan ƙasa, saura mako bakwai. Na daɗe ina jinkirin nema, sai da mahaifiyata ta rage ita kaɗai a gidanmu na Gusau, kuma doka ta ce sai ɗan ƙasa ne ke iya kawo uwa. In takardar ta faɗi, zuwanta ya faɗi. Mijin Sista Rifkatu, Barista, shi ya cika mini takardun, ya kuma yi mini gargaɗi.

"Malam, daga yau har ranar nan, ko jar wuta kada ka tsallake. Ka zama waliyyi na wata biyu, bayan nan ka koma halinka."

Ranar wata Lahadi da hantsi Hajiya ta ce in kai ta cikin birni. Ta shiga mota da jaka a cinya, na ga bakin tsumman nan na bayan ƙofa yana leƙowa, ban kawo komai a raina ba. Ta yi ta nuna mini hanya har muka isa kudu maso yammacin Washington, unguwar manyan gine-ginen gwamnati. Ko'ina shiru, ma'aikata duk suna gida. Ta ce in tsaya a gaban wani gini mai tagogi kamar ɗari biyar. A bakin ginin ga wani dogon fili na furanni, tun daga wannan kusurwa har waccan, duk ekinesiya, kawunan sun bushe sun yi baƙi. Shekara huɗu tana ganinsu ta tagar bas tana ƙirga musu shekaru.

"Hajiya, wannan na gwamnati ne."

"Gwamnati don kallo ta shuka. An kalla, ya bushe. Na ƙarƙashin ƙasa ba ta san da zamansa ba."

"Za a kama mu."

"Wa zai kama mu? Duk sun gudu gida."

"Hajiya, intabiyuna saura mako bakwai."

"To zauna a mota, Mushe. Ban ce ka fito ba."

Ta fita, ta kwance tsumman, ta fara durƙusawa a hankali, gwiwa ɗaya tukuna, sannan ta jira ɗayar ta yarda. Ta haura saba'in a lokacin. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, amma babu wanda ya koya mini yadda ɗan Hausa zai zauna a kan kujera mai laushi yana kallon sa'ar uwarsa tana haƙa ƙasa. Na fito na karɓi dagin.

Nan ta gaya mini ƙa'idar, yadda kakarta ta gaya mata. Ba a afka wa tsiro kamar ɓarawo. Ana yi masa sallama, a zuba masa tafin gero a gindi, haƙƙinsa ke nan. Sannan daga saran farko har saiwa ta fito, mai haƙa ba ya magana, ba ya waiwaye, ko wa ya kira shi. In ya yi, magani ya karye. Ni malamin ilimin halittu ne, na san saiwa ba ta da kunne. Amma na yi sallamar, Hajiya ta ciro ƙullin gero ta watsa tana karanto addu'a ƙasa-ƙasa, na kafa dagi.

Saiwar shekara huɗu ba ta fitowa da lallashi. Na zagaye ta, na kai zurfin kamu ɗaya, sai na ji murya a bayana.

"Yallaɓai, me kake yi a nan?"

Na saci kallon Hajiya ta gefen ido. Ta ɗora yatsa a kan takunkuminta.

"Yallaɓai! Da kai nake!"

Na ci gaba da haƙa. Na ji yana magana a rediyonsa, na ji takalma suna ƙaruwa. Daga baya na sha zama ina duba abin ta idon mutumin nan, kuma ban ga laifinsa ba. Baƙi biyu fuska a rufe, a gindin ginin gwamnati, ɗaya yana haƙa rami da ƙarfe, ɗaya tana watsa wasu ƙwayoyi da ba a san ko mene ne ba tana magana da wani harshe, kuma an kira su sun ƙi ko motsi.

"Karo na ƙarshe! Ajiye abin da ke hannunka!"

Saura ƙiris. Na sa hannun hagu na ja, saiwar ta fito ɗungurungum, ko yatsa ɗaya bai karye ba. Na miƙe da ƙarfe a dama, saiwa a hagu, na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, wanda daga baya Barista ya tabbatar mini ba ita ce kalmar da ta fi dacewa da wurin ba. Na waiwaya. Jami'ai huɗu da kare ɗaya.

Awa biyu muka yi zaune a bakin titi. Suka zagaye geron da jan ƙyalle, suka kira mai gwaji. Kafin ya iso tantabaru sun sauka sun cinye shaidar, suna ta yawo lafiya lau, abin da ya taimaka mana fiye da duk bayanin da na yi. Sannan aka kira mai kula da furannin, wani dattijo baƙar fata, ya zo da silifas, ga alama daga kan karin kumallo aka taso shi. Ya duba ramin, ya karɓi saiwar ya juya ta.

"Wa ya koya maka haƙa? Ko ni ban cika fitar da ita haka ba."

Na nuna Hajiya.

"Me za ku yi da ita?"

Na ce magani.

Ya daina murmushi. Ya ce filin nan duk shekara ana fesa masa maganin ciyawa da na ƙwari, ga gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, ga ruwan da ke gangarowa daga ƙarƙashin motoci, duk saiwar nan take sha. Ya ce duk wanda za mu ba, mu fara nema masa gado a asibiti. Turancin Hajiya irin mai zuwa ne lokacin da ta ga dama, amma wannan ta ji shi sarai. Ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin an yi mata gyara a kan tsiro ta yi shiru ba sai ranar. Don haka ku rubuta wannan ma a kwamfutarku: ba a haƙar magani a bakin titi, ko a gaban ofis, ko a farfajiyar gidan haya, komai kyawunsa.

Aka mayar mata da daginta da wata 'yar takarda a ɗaure a wuyansa. Ta nemi a ba ta saiwar ko don ajiya, tunda an biya gero, aka hana. Takardar laifi kuwa da sunana aka rubuta, don ni aka samu da ƙarfe a hannu: lalata shukar gwamnati da ƙin amsa kiran jami'i.

Barista ya karanta ta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

"Malam, jar wuta na ce kada ka tsallake. Ban san sai na ce kada ka haƙa gwamnati ba."

"Akwai sauran dabara?"

"Ka biya tara, ka riƙe rasit, ka je da shi. In sun tambaya ka faɗi komai. Fure ba lallai ya kayar da kai ba. Ɓoyewa ce ke kayar da mutum. Amma fa yana hannun wanda ka tarar."

Wadda na tarar mace ce mai matsakaicin shekaru, a bayan gilashi, da takunkumi da kwalin tishu a gefe, idanunta sun yi ja da mura. Ta sa na ɗaga hannun dama na rantse cewa gaskiya zan faɗa. Tambayoyin tarihi da tsarin mulki na amsa su kamar mai ba da darasi, har sai da ta ce ya isa. Sannan ta zo kan layin da na yi mako bakwai ina mafarkinsa: ko an taɓa kama ni, ko tsare ni, ko rubuta mini takardar laifi. Na ce an taɓa, na tura takardar ta ƙarƙashin gilashi. Ta karanta. Ta goge hanci. Ta sake karantawa.

"An rubuta a nan cewa an kira ka sau uku ba ka amsa ba."

Na yi mata bayanin sallama da gero da rashin waiwaye, dalla-dalla, ban rage komai ba.

"Kai ka yarda saiwa tana lalacewa in an yi magana?"

"A'a, ranki ya daɗe. Kimiyya na koyar."

"To me ya hana ka amsawa?"

"Uwar ɗakina tana kallona."

"Ta fi jami'ai huɗu da kare ban tsoro?"

"Ba ki san ta ba ne."

Ta yi ta bugawa a kwamfuta, ni kuma ina kallon yatsunta ina tunanin tsohuwa a Gusau da ta riga ta fara rabar da tukwanenta. Sai ta yi atishawa sau biyu, ta jawo tishu, ta dube ni.

"Tambaya ɗaya, ba ta cikin takarda. Abin nan yana aiki?"

Shekara tara ina bayan kanta, an yi mini tambayar nan ba adadi, amma ba a taɓa yi mini ita ina cikin rantsuwa ba, a gaban wadda ke riƙe da hatimi.

Na ce, "Wataƙila. Masu bincike sun gwada ta sau da yawa. Wasu sun ga kamar tana ɗan rage kamuwa da mura ko ta ɗan gajarta ta, wasu ba su ga komai ba. Ba ta hana korona, ba ta maye gurbin allura. In kin sha da wuri da ruwan zafi kin kwanta, maƙogwaronki zai ji daɗi. Amma ko saiwar ce, ko ruwan zafin, ko kwanciyar, wannan ban isa in rantse a kai ba."

Ta dube ni ta saman takunkumi. Sannan ta ƙara bugawa, ta zaro wata takarda ta turo mini.

Hajiya tana jirana a mota. Ita ta dage sai ta biyo ni, ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na zauna na ba ta labari tun daga farko, tana gyaɗa kai, har na zo kan tambayar ƙarshe.

"Ka ce mata me?"

"Na ce wataƙila."

"Wataƙila! Mushe, ka shiga ofishin gwamnatin Amurka da ƙafarka, ka ce maganina wataƙila ne?"

"Hajiya, rantsuwa na yi."

"Ni ba kullum nake rantsuwa a shago ba? Ka taɓa jin na ce wataƙila?"

Ta kau da kai tana huci, tana kallon gaba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sun dai ba ka?"

Na miƙa mata takardar cin intabiyun. Ba ta iya karanta Turanci, amma ta san hatimi in ta gan shi. Ta shafa shi da babban yatsa, ta ninke takardar da kyau, ta mayar mini.

"To Allah ya yi wa wataƙila albarka. Kira tsohuwa ka gaya mata, kafin in sake yin fushi."